Motar Gindin Katanga

Laraba. Hadari tun asuba, ba ruwa, ba rana.

Alhaji Ibram ya hau tsani ya goge farantan sola da ke kan rufinsa, ya sauko ya leƙa allon motar. Alamar batir ta yi ƙasa da rabi. Jiya ta fi haka. Motar kuwa ko motsi ba ta yi ba.

Akori-kura ce sabuwa, fara, mai aiki da lantarki. Ba mai, ba hayaƙi, ko a kunne take ba a jin komai. Tsohuwar motarsa da shanunsa ya sayar ya kawo ta daga Kano, don kwasar shinkafa daga gonarsa ta Katuzu zuwa kasuwar Gashua. Da farko duk Nguru an gan ta a hanya. Daga baya ya matsa da ita jikin katangar da ta raba gidansa da na yayansa Hammadu, ya haɗa mata wayoyinta, bai sake fitar da ita ba.

Shi da Hammadu sun daɗe ba sa gaisawa, a kan rabon gonar mahaifinsu. Hammadu ya rantse gaban jama'a ko ruwan gidan Ibram ba zai sha ba, kuma bai karya ba. Tun da aka sallamo shi daga asibiti bai fito daga ɗaki ba, amma bakinsa lafiya lau. Kowace safiya sai muryarsa ta tsallako katanga, yana yi wa matarsa magana.

"Kaltum, mai motar can ya tashi? Ce masa ya zuba mata dusa, ko za ta yi ƙwai."

Ibram kan tsaya har ya gama ji. Sai ya shiga ya karya kumallo.

Cikin gida ma ba sauƙi. Tun da taransfoma ta ƙone unguwar ba wuta. Matarsa Mairam ta san akwai soket a bodin motar, don ranar da aka kawo ta har firij aka gwada. Fanka kawai ta roƙa. Ya hana. Ta ce dutse aka saya, ba mota ba. Bai musa ba.

Da azahar babban ɗansa Ridwanu, wanda ke riƙe da gonar, ya iso a babur, taɓo har gwiwa. Shinkafar rani tana nan a buhu, a bakin fadama, ƙarƙashin tampol. Ruwan sama ya jiƙa hanya, direbobin haya sun ƙi shiga. Sai mota mai ja da taya huɗu, irin tasu. Buhunan ƙasa sun fara ɗumi. Kogi kuma yana tasowa.

"Baba, ba ni makulli. In tafi yanzu, jibi in dawo da ita."

"Ba za ta fita ba."

"Lalacewa ta yi? In ta lalace a faɗa, mu kira mutanen Kano."

"Lafiyarta ƙalau."

"To me muka saya, Baba? Noman shekara ne fa a ƙasa."

"Nemi amalanken shanu. Abin da ya fita, ya fita."

Ridwanu ya leƙa allon, ya ɗaure fuska. Ya ce batir ba ya sauka haka kawai, wani abu na shan sa. Ya zagaya zai duba tsakanin mota da katanga. Ibram ya sha gabansa.

"Bar nan."

Ridwanu ya dube shi, ya hau babur bai ci abinci ba.

Ibram ya buɗe motar ya zauna. Makullin na aljihunsa. Ya dafa sitiyari. Hanyar yana ganinta kamar a tafin hannu: Nguru, Jajimaji, Gashua, sai a sauka kwalta a nufi Katuzu. Maɓalli ɗaya zai danna. Ya daɗe a haka. Ya fito ya rufe ƙofar.

Makon jiya ya je shagon janareta. Ya sa an tayar masa da mafi ƙanƙanta. Ya saurari ƙararsa, ya ce a kashe. Irin wannan ƙara ba katangar da za ta tare ta.

Bayan la'asar Kaltum ta dawo daga kantin magani. Ta tsaya a bakin zauren Ibram, ta rusuna ta gaishe shi a gurguje. Ta dubi sama, ta dube shi.

"Za ta kai," in ji shi.

Mairam da ke ciki ta ji, ta ɗauka zancen shinkafa ne, ta yi tsaki.

Da magariba ruwa ya sauko, mai nauyi. Ridwanu ya bugo waya. Amalanke biyu ya samu, sun fitar da abin da suka iya. Sauran buhunan, ruwa ya hau kansu. Ibram ya ce Allah ya mayar da alheri. Ridwanu ya kashe wayar bai ce amin ba.

Washegari gari ya waye da rana tarwai. Ibram ya goge farantan, ya ga alamar batir ta fara hawa. Ya durƙusa bayan motar, ya bi baƙar wayar da ta fito daga soket, ya tabbatar ruwa bai taɓa ta ba har inda ta shige ta magudanar katanga.

Can cikin ɗakin Hammadu ƙaramar na'urar numfashi tana ta huci, kamar kullum. Kaltum ta faɗa wa mijinta daga layin asibiti aka ja musu wuta.

"Kaltum, na ji shinkafar mai motar ta tafi kogi. Ce masa ina taya shi murna."

Ibram ya tsaya ya ji muryar ta fito da ƙarfinta, sannan ya ƙara danna wayar da ke ba yayansa iska a cikin soket, ya shiga ya karya kumallo.