Uwar Haya

"Sake faɗa," in ji Marleny, sakatariyar Lauya Barrientos, tana kankare farce.

Candelaria ta maimaita a karo na huɗu: ita ta haifi yarinyar, uban ya gudu, ba ta da halin riƙe gurguwa, ta yarda a ba Turawa.

"Yanzu kin fara. Amma daina murmushi, Doña Cande. 'Ya za ki bayar, ba tortiya ba."

Tortiya, wato wainar masara, Candelaria ke sayarwa a tashar motar Chimaltenango. Can Marleny ta same ta makon jiya, da sunanta cikakke rubuce a guntun takarda. Babu wanda bai san wannan aikin ba a tashar: a ɗora miki ɗan wani a cinya, a ɗauki hoto, ki dangwala yatsa a matsayin uwa, ki koma gida da abin da kasko ba zai ba ki a shekara ba. Mata uku da ke kusa suka ce su ma suna so. Marleny ta ce lauya mutum ɗaya ya aiko ta nema.

Aka shigo da yarinyar daga gidan reno. Shekararta biyu da 'yan watanni, ƙafafunta a murɗe ciki. A takarda sunanta Yesenia. Wasu miji da mata daga ƙasar waje ne suka zaɓe ta a hoto. Cocinsu na yabon masu riƙon naƙasassu, kuma takardun irin waɗannan yara ba sa daɗewa a tebur, don ba wanda ke zuwa cigiyarsu.

Ana ɗora ta a cinya, yarinyar ta cusa hannu a wuyan rigar Candelaria ta damƙe. Candelaria ta ɓamɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya. Rabonta da taɓa yaro tun ranar da ta farfaɗo daga allurar barci a wani ƙaramin asibiti, shekara biyu da 'yan watanni da suka wuce, aka ce mata abin da ta haifa namiji ne, bai zo da rai ba, har an binne.

Abin da ya hana ta sukuni shi ne gwaji. A bana ƙasar Turawan ta kafa doka: sai an gwada yawun uwa da na 'ya an tabbatar jini ɗaya ne. Wata maƙwabciyarta ta ce an ɗaure mata biyu a kan haka.

"Lauya, in aka gano ni fa?"

"Ke dai buɗe baki, 'yar uwa. Sauran nawa ne."

Ranar gwajin ta buɗe bakin. Mai gwajin ya duba katinta, ya dube ta, ya rufe kwalaben da hannunsa.

Kwana goma sha biyu tana ƙona tortiya, tana zabura duk sa'ad da motar 'yan sanda ta tsaya. Sai ga kiran Marleny: takarda ta fito lafiya, ta zo a gama.

Turawan na jira a ofis, matar na share hawaye. Aka ce Candelaria ta miƙa yarinyar da kanta, don hoto. Yesenia ta ƙanƙame ta, ta tsala ihu, ƙafafun na reto. Candelaria ta sunkuya kamar za ta sumbace ta, ta mintsine ta a cinya.

"Sake ni, 'yar banza," ta raɗa mata. "Je ki nemi wadda ta yar da ke."

Yarinyar ta saki. Baturiyar ta rungume Candelaria, ta ce ta bakin tafinta ba ta taɓa ganin uwa mai ƙarfin zuciya irin wannan ba.

Candelaria ta dangwala yatsa a wuri uku, ta karɓi ambulan ɗinta, ta goge yawun da ya ɓata mata kafaɗa. Tana sauka daga bene tana dariyar sauƙin abin, har ta ce a tuna da ita in wani aikin ya samu.

Marleny ta rufe ƙofa, ta juyo.

"Lauya, wa muka saya a ɗakin gwajin? Ban ga ka aiki kowa ba."

"Babu kowa. Mutanen yanzu ba sa sayuwa." Ya jefa fayil ɗin cikin durowa. "Shi ya sa na ce ita za ki nemo, ba wata ba. Ƙarya aka yi mata a asibiti. Ita ta haife ta."