Takalmin Malamin Sikeli

"Baba, bana audugarka ba ta da nauyi," in ji malamin sikeli, idonsa a kan takarda.

Tsohon ya dubi buhunsa da ke rataye a sikeli. Shekara talatin yana kawo auduga kasuwar Makarfi, sikeli yana cinye masa gumi. Kullum maganarsa ga maƙwabta ɗaya ce: ranar da ɗan ƙasa ya riƙe sikeli, cuta ta ƙare. Ga shi Turawa sun tafi.

Ya durƙusa zai sauke buhun daga ƙugiya, sai ya ga bakin wani baƙin takalmi a ƙarƙashinsa, yana tokare buhun a hankali don awon ya ragu.

Ya san takalmin. Watan jiya ya sayar da tunkiyarsa, ya sayo wa ɗansa shi a Zariya, don kada ya fara aikin malamin sikeli da takalmin taya.

Maƙwabta suna layi a bayansa, kowa da buhunsa. Tsohon ya sa hannun riga ya goge wa takalmin ƙura.

"Janye ƙafarka, ɗana, kada buhu ya ƙuje shi. Da tsada na saye shi."