Teburin da Aka Shirya wa Casilda

Saura kaɗan rana ta take aka ƙwanƙwasa ƙofa. Tsohuwar ta ja baƙin mayafinta ya sauko har gira, ta ɓoye hannuwanta a ciki, sannan ta je ta buɗe.

"Yau ba a zuwa gidan mutane," ta ce. "Ko ku a gidauniyarku ba ku da matattu?"

Ranar da matattu ke dawowa gida cin abinci ce, kuma duk garin Sucre an san da tsakar rana suke isowa. Baƙuwar, wata lauya mai suna Nilda, ta ba da haƙuri, ta ce ƙorafin da tsohuwar ta aika wa gidauniyar ne ya yi zafi, shi ya sa aka ce ta zo yau.

Ƙorafin kuwa yana da tushe. Shekarun baya Malama Herminia Arancibia, da ta bar koyarwa ba ɗa ba jika, ta ba gidauniyar marayu kyautar gidan nan. Sharaɗin a fili yake: za ta zauna a ciki iyakar ranta, su ɗauke mata haraji da gyaran rufi, ranar da ta rasu su karɓi makulli, duk wanda ke ciki ya fita. Sai ga shi makon jiya magina sun shigo tsakar gida da igiyar awo, suna gwada inda za a jera gadajen yara.

"Ina tsaye suna awo," in ji tsohuwar. "Ɗaya har da tambayata wai yaushe za a kwashe kujerun. Ni gawa ce? Ina son a ba ni haƙuri a rubuce, kuma kada wani ya sake taka mini dakali."

"Kuskure ne, Malama. Maƙwabta suka ce an daɗe ba a gan ki ko a coci ba, sai wani a ofis ya yi gaggawa."

"Maƙwabta! Rabinsu ni na koya musu share majina."

Falon duhu ne, tagogi a rufe. Ta nuna wa baƙuwar kujera, ita kuma ta ɗosana a bakin babbar kujerar da ke kusa da taga. Nilda ta miƙo takardar da ke shaida cewa mai gidan tana raye.

"Karanta mini. In ji ko an koya miki karatu."

Nilda ta yi dariya. "Ke kika koya mini ai. Aji biyu. Ni ce mai rubutu da hagu, wadda kika yi ta ɗaure wa hannu."

"Kun yi yawa," tsohuwar ta ce. "Karanta."

Nilda ta karanta. Da ta zo ƙarshe tsohuwar ta ce hannunta na rawa yanzu, alƙalami ba ya tsayuwa, sai dai ta dangwala yatsa. Ta fito da hannun, ta dangwala, ta mayar da sauri. Idon Nilda ya bi hannun har ya koma cikin mayafi.

A jikin bango teburin matattu yake, an shimfiɗa masa baƙin ƙyalle. Ga burodi mai siffar tsani don mai zuwa ya sauko, ga rake, ga furanni, ga kyandir biyu suna ci. Babu hoto.

"Na waye?"

"Na Casilda, mai dafa mini abinci. Bara waccan ta rasu a ƙauye, muna can tare. Can aka binne ta."

"Wayyo, Casilda!" Nilda ta tashi ta matsa kusa da teburin. "In kin tsare mu a nan bayan an tashi daga makaranta, ita ke miƙo mana alewa ta tagar kicin. Ban taɓa gode mata ba."

Tsohuwar ta kau da kai. "Ita ta lalata ku."

Nilda ta daɗe tana duban abin da aka jera. Kowa abin da yake so a duniya ake ajiye masa, in ba haka ba ya juya cikin fushi. A nan baƙin kofi ne a ƙaramin kofin tangaran mai bakin zinariya, da busasshen biskit, da jaridar safiyar nan a ninke.

"Na san ta da son zaƙi," Nilda ta ce a hankali.

"Mutum na canzawa."

Harshen kyandir ɗaya ya karkata, alhali ba iska a ɗakin. Dukansu sun gani. Nilda ta mayar da takardar cikin jaka, ta tsaya a bakin ƙofa kamar mai neman kalma.

"Ba wanda zai sake zuwa awo," ta ce. "Ni zan riƙa zuwa duk shekara. Ni kaɗai."

Tsohuwar ta sa sakata. A can cocin unguwa ƙararrawar tsakar rana ta fara kaɗawa. Sanyi ya shigo falon daga ƙasa, ya bi ƙafafunta, babbar kujerar ta yi 'yar ƙara irin ta wanda ya zauna ya jingina.

Ta yaye mayafin, ta ninke shi. Ta ɗauko kofin da hannuwanta masu tabon ƙunar murhu, ta ajiye a gefen kujerar, ta ja da baya ta tsaya jikin bango, inda ta saba tsayuwa tun tana budurwa.

"Sannu da zuwa, Malama," in ji Casilda. "Ki yi haƙuri da sunana da ke kan kabarinki, ba ni da inda zan je ne."