Moɗa Mai Jan Zare

"Ba wannan ba, 'yar'uwa," in ji matar fasto, tana tare wa Baiwar Allah hannu a bakin randar majami'a. "Ga taki can."

Can gefe, a reshen aduwa, wata moɗa ke rataye.

Baiwar Allah ta dubi yatsunta biyu da kuturta ta gutsure. Shekara tara innarta na cin tuwo ƙwarya ɗaya da ita a Gangara, ba ta taɓa janye hannu ba. Sai bara, ranar kasuwar Tanut, matar faston nan ta tare ta da fara'a, ta ba ta labarin Yesu mai taɓa kutare, ta ce, "A majami'armu babu bare."

Ta gaskata, aka yi mata baftisma. Ranar da ta koma gida, innarta ta ware mata ƙwarya tana kuka.

Baiwar Allah ta sauko da moɗar, ta ga jan zaren da ke ɗaure a hannun moɗar ya koɗe. Ta gane ta. Da ita aka kawo mata ruwan maraba ranar da ta fara zuwa majami'ar, har da durƙusawa.