Ni Ne Babba

Tun ranar da aka mayar da Baba Burahima gidan ƙaramin ɗansa Usmanu, babban ɗansa Manzo bai ƙara cin tuwo da daɗi ba.

Lokacin korona ne. Ma'aikatan lafiya suna bin unguwannin Gure gida-gida, suna neman tsofaffi da masu ciwo. Baba Burahima kuwa ga tsufa ga ciwon suga. Malama Zaliha, shugabar tawagar, ta dubi gidan Manzo, dillalin dabbobi mai wuni yana musafaha a kasuwa, ta ce: "Tsohon nan ya koma inda babu cunkoso, mutum ɗaya ya riƙa kula da shi."

Usmanu ke da ɗakin da ba kowa. Shi ke nan fa!

Katanga ɗaya ta raba gidajen. Kullum Manzo yana jiyo muryar tsoho: "Allah ya yi maka albarka, Usmanu." Sai ya ji kamar an zuba masa barkono a ido. Kishi ne tsagwaronsa, babu wani suna.

"Ni ne babba!" in ji shi. "Yaushe ƙwai ya fi kaza wayo? Zai kwashe albarkar duka, a bar ni da ɗaukar gawa?"

Ran Juma'a ya dawo daga kasuwar Gidigir da tari da zazzaɓi. Matarsa Habsatu ta ce: "Maigida, ka je likita mana." Ina! Ya jira Usmanu ya fita, ya ɗauki akushin tuwo ya shiga wurin tsoho, ko takunkumi babu.

"Baba, yau tare za mu ci, kamar da."

Tsoho ya yi murna har da ƙwalla. Suka sa hannu a akushi ɗaya, suka sha ruwa a moɗa ɗaya. Manzo ya sami albarkar da yake nema, ya fita yana taku ɗai-ɗai.

Ba a daɗe ba numfashin tsoho ya sarƙe. Gwaji ya nuna cutar a jikin su biyun, aka killace Manzo. Shi daga baya ya warke. Baba Burahima bai tashi ba.

Ranar jana'iza Manzo yana kulle a ɗaki, yana jiyo salati ta bayan katanga. Usmanu ne ya shiga kabari ya karɓi ubansu.

Jama'a, matakin da aka ɗauka don kare tsofaffi ba raini ba ne ga kowa. Wanda kishi ya sa ya karya shi, nasa yake fara kashewa.