Karen da Baba Ya Kwance

Ina shekara tara Baba ya tafi da ni asibitin dabbobi na Kaura Namoda neman karen gadi, don ɓarayin awaki sun ishe mu. Ni ɗan kwikwiyo nake so. Amma Baba ya tsaya gaban wani tsohon kare mai yagaggen kunne, ɗaure da igiyar kaba a gindin dogonyaro.

"Malam, bar wanga," in ji ma'aikacin wurin. "Na makiyayan da sunka yi hijira ne. Kwana ukku bai ci ba."

Baba ya tsuguna, ya tura masa takalminsa ya shinshina, sannan ya kwance igiyar ya miƙo mini.

Na ce, "Baba, zai gudu!"

Ya ce, "In ya gudu ba namu ba ne. Wanda anka jawo da igiya bai tsaron gida. Mu tahi, kar ka waiga."

Wajen tashar jirgi haƙurina ya ƙare, na waiga. Sai ga shi yana ɗingishi a bayanmu.

Igiyar tana nan rataye a ɗakina har yau, kuma ba mai taɓa mini ita. Ko sau ɗaya ba ta koma wuyansa ba.