Awon Goggo Tabawa

Tun da aka daina ƙirga shekaru daga ranar haihuwa, duk shekara Goggo Tabawa takan je asibiti a auna shekarun jikinta. Wanda ya haura saba'in, mota ke kai shi Gidan Hutu, kuma ba a taɓa jin wanda ya gama hutawa ya dawo ba.

A layi ta tarar da sa'arta, Hajiya Gambo, 'ya'ya uku na riƙe da ita.

"Har yanzu ke kike daka, Tabawa? Ni ko buta yaran nan ba sa bari in ɗauka."

"Kin dace. Nawa sai gaisuwar waya ranar Sallah."

Hajiya Gambo ta shiga, aka fitar da ita ta ƙofar baya, wajen motar.

Goggo ta ɗora tafin hannunta da ya yi kanta a kan na'urar awon.

"Sittin da ɗaya!" in ji ma'aikaciyar. "Goggo, wa ke kula da ke haka?"

"'Ya'yana."

Ta koma gida a ƙafa, ta kira babban ɗanta, ta yi ta sa masa albarka har kunya ta kama shi, ya ce gobe zai turo mata mai aiki.

"Kul!" in ji Goggo. "Ka ci gaba yadda kake, ɗan albarka."